Tsakanin imani da camfi a Indiya: tambayoyi da amsoshi

Yawancinmu ta fina-finai muka fara sanin Indiya, daga baya kuma ta asibitocinta da jami'o'inta, inda 'yan'uwa ke zuwa neman lafiya da neman ilimi. Akwai wata daɗaɗɗiyar taƙaddama a ƙasar wadda labarinta bai cika iso mana ba: ina addini ya tsaya, ina camfi ya fara, wa kuma ke da hurumin shata iyakar. An yi dokoki a kanta, an je kotu, har jini ya zuba. Ga tambayoyin da aka fi yi, da amsoshinsu.

Ƙasar da ta kai na'ura duniyar wata, ta yaya za a ce camfi ya dame ta?

Duka biyun gaskiya ne, kuma sau da yawa a zuciyar mutum ɗaya suke zaune. Ranar 23 ga Agusta 2023 kumbon Chandrayaan-3 ya sauka kusa da ƙarshen kudancin wata, yankin da babu ƙasar da ta riga Indiya sauka. Amma sanannen abu ne cewa shugabannin hukumar sararin samaniyar ƙasar, ISRO, sukan ɗauki ɗan ƙaramin samfurin kumbo su kai wurin bauta na Tirupati neman albarka kafin a harba shi. Ni dai ban ga abin zargi a nan ba. Injiniyan da ya kammala lissafinsa tsaf sannan ya je ya yi roƙo bai taɓa ko lamba ɗaya a cikin lissafin ba. Damuwa tana farawa ne ranar da aka ce aikin likita ko na injiniya ya dakata har sai mai duba ya yi magana.

Cibiyar bincike ta Pew ta tattauna da kusan mutum 30,000 a faɗin ƙasar, ta fitar da sakamakon a 2021. Kashi 97 cikin ɗari sun ce sun yi imani da Ubangiji. Kashi 44 sun ce taurari suna tasiri a rayuwar mutum. Waɗanda kuwa suke zaɓen rana ko sa'a mai kyau kafin su tsayar da wani muhimmin al'amari sun haura kashi 80. Wato har wanda bai gaskata taurari ba yakan bi al'adar, don kada iyaye su ce ya jawo wa gida tsiya.

Waɗanne irin camfe-camfe ne suka fi yawa a rayuwar yau da kullum?

Wanda ya fi shiga rayuwar mutane shi ne na aure. Idan aka haifi yaro a gidaje da yawa na mabiya Hindu, mai duban taurari zai zana masa takardar da ake kira kundali, mai nuna inda kowane tauraro yake a daidai sa'ar haihuwa. Idan maganar aure ta taso sai a haɗa takardar saurayi da ta budurwa a auna su a kan maki 36. In ba su kai 18 ba, a gidaje da dama maganar ta mutu ke nan, ko da kuwa yaran suna son juna. Wadda aka ce duniyar Mars ta faɗo mata a mugun gida ana kiran ta manglik, ana kuma tsoron za ta yi sanadin mutuwar mijinta. Don a karya abin, akan fara ɗaura mata aure da bishiya ko tulu. Maza ma akan ce da su manglik, amma mace ce ta fi shan wahalar wannan tambari.

A kudancin ƙasar kuma akwai Rahu kalam, wajen sa'a ɗaya da rabi a kowace rana da ba a son fara tafiya ko sa hannu a takardar ciniki. Akwai vastu, ƙa'idojin inda ƙofa da madafa da ɗakin kwana za su fuskanta, har akan rushe bango mai lafiya saboda shi. Direbobin manyan motoci da masu shaguna suna rataya lemun tsami da barkono bakwai a zare don kore kambun baka. In za a yi husufi, akan hana mai ciki fita ko riƙe wuƙa, a zubar da dafaffen abinci, a rufe wuraren bauta da yawa.

Mabiya addinin Hindu ne kaɗai ke wannan?

A'a, kuma duk wanda ya karanta wannan shafi don ya yi wa maƙwabcinsa dariya bai fahimci zancen ba. A ƙidayar 2011 mabiya Hindu kashi 79.8 ne, Musulmi kashi 14.2, wato mutum miliyan 172, sai Kirista kashi 2.3 da Sikh kashi 1.7. Binciken Pew ya nuna kusan rabin Hindu da kusan rabin Musulmi sun yarda da kambun baka, kuma kashi 77 na Musulmin Indiya sun ce sun yarda da karma, wato cewa aikin mutum, mai kyau ko mummuna, yana dawo masa, daidai da adadin da aka samu a cikin Hindu. Zama wuri ɗaya na ɗaruruwan shekaru ya cuɗa al'adu.

A watan Agusta 2006 labari ya bazu a Mumbai cewa ruwan teku a Mahim, kusa da hubbaren Makhdum Ali Mahimi, ya koma mai zaƙi. Dubban mutane, Musulmi da Hindu, suka yi ta ɗura a kwalabe suna sha, suna shayar da 'ya'yansu, alhali nan ne ƙazantar birnin ke kwarara cikin teku. Masana sun ce ruwan sama mai yawa ne ya rage gishirin. A 2012 kuma ruwa ya riƙa ɗiga daga ƙafar wani mutum-mutumin Yesu a gefen wata majami'a a Mumbai, mutane suna tara suna kai wa marasa lafiya. Wani mai yaƙi da camfi, Sanal Edamaruku, ya je ya duba, ya gano ruwan daga wata magudana da ta toshe yake tsattsafowa. Maimakon godiya sai aka kai ƙararsa da laifin cin zarafin addini, ya bar ƙasar zuwa Finland a shekarar.

To ina iyaka tsakanin addini da camfi? Ai abin da wani ya kira camfi, wani ibadarsa ce.

Wannan ita ce tambayar da komai ya rataya a kanta, kuma 'yan Indiya sun fi kowa wahala da ita, domin ƙasa ce mai addinai da ɗariƙu da ba su ƙidayuwa. In aka ce gwamnati ta tantance wane imani ne na gaskiya, an buɗe ƙofar fitina. In aka ce kuma duk abin da aka lulluɓe da sunan addini ba a taɓa shi, an miƙa talaka ga macuta.

Amsar da na fi gamsuwa da ita ita ce wadda Dokta Narendra Dabholkar, likita mai yaƙi da camfi, da abokan aikinsa na jihar Maharashtra suka tsaya a kai. Ba su nemi su shiga zuciyar kowa ba. Tambayoyi biyu suke yi. Ta farko: shin wannan da'awa irin wadda ake iya gwadawa ce? Wanda ya ce akwai rayuwa bayan mutuwa, babu ɗakin gwaji da zai tabbatar ko ya ƙaryata shi, tsakaninsa da imaninsa ne. Amma wanda ya ce yana fitar da zinariya daga iska, ko yana warkar da ciwon daji da toka, ko yana sauya jinsin ɗan tayi a ciki, ya yi magana a kan abin da ido ke gani, don haka dole ya yarda a gwada. Ta biyu: wa ke cutuwa, wa ke amfana? Tsohuwar da ta yi tattaki zuwa wurin bauta na Pandharpur tana waƙoƙin bege ba ta cuci kowa ba. Bokan da ya karɓi kuɗin gonar mutum, ko ya daki yarinya da sunan fitar da aljani, ko ya kwana da matar da ke neman haihuwa da sunan magani, wannan laifi ne ko da wane suna ya kira shi.

Wannan ma'auni bai buƙaci mutum ya bar addininsa ba. Musulmin da ya san hukuncin zuwa wurin boka da mai duba zai ga cewa rabin hanyar ya riga ya san ta. Haka mabiyin Hindu da ya tashi da waƙoƙin Tukaram, waliyyin Maharashtra na ƙarni na 17 wanda ya yi ta caccakar masu cin abinci da rigar tsarki.

Sai dai kada a ɗauka ma'aunin ya warware komai. A 2018 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, alƙalai huɗu a kan ɗaya, cewa hana mata 'yan shekara 10 zuwa 50 shiga wurin bauta na Sabarimala a Kerala ya saɓa wa tsarin mulki. Wadda ta ƙi amincewa ita ce mace ɗaya tilo a cikin alƙalan, Indu Malhotra, tana mai cewa ba aikin kotu ba ne ta auna al'amuran ibada da ma'aunin hankali. Dubban mata masu ibada sun fito zanga-zangar goyon bayan hanin. Wasu suna ganin wariya ce, wasu suna ganin haƙƙin masu wurin ne, kuma kowane ɓangare yana da hujjar da ba za a yi watsi da ita da baki ɗaya ba.

Wannan tunani na tuhumar komai ba Turawa ne suka kawo shi ba?

Masu adawa da shi haka suke cewa, tarihi kuwa bai goyi bayansu ba. Tun kafin haihuwar Annabi Isa akwai mazhabar Charvaka, wadda ta ce abin da gaɓɓai suka riska shi ne hujja, ta kuma zargi limaman hadaya da neman abinci. A shekara ta 499 masanin lissafi Aryabhata ya bayyana cewa husufin wata inuwar ƙasa ce ta faɗa kan wata, a zamanin da jama'a ke cewa dodon Rahu ne ke haɗiye shi. Basava a ƙarni na 12 da Kabir a ƙarni na 15 masu ibada ne na gaske, amma sun soki al'adun da suka zama fanko, Kabir ma bai bar malaman Hindu ba, bai bar na Musulmi ba.

A zamanin mulkin Ingila, Ram Mohan Roy ya yi amfani da littattafan Hindu kansu wajen yaƙar al'adar ƙona mace da ranta tare da gawar mijinta, har aka haramta ta a 1829. Jyotirao Phule da matarsa Savitribai sun buɗe makarantar 'yan mata a Pune a 1848. Sayyid Ahmad Khan ya kafa ƙungiyar kimiyya a 1864 da kwalejin Aligarh a 1875, yana kira ga Musulmi cewa maganar Allah da aikin Allah ba za su yi karo ba. A ƙasar Tamil, Periyar ya fi kowa zafi: ya fito fili ya ƙaryata samuwar abin bauta, domin a ganinsa da addini aka ɗaure tsarin fifikon asali da ya mai da miliyoyin mutane ƙasƙantattu tun daga haihuwa. Abin lura shi ne mafi yawan waɗannan mutane ba daga ɗakin gwaji suka fito ba. Zaluncin da ake yi wa mata da 'yan ƙasan tsani ne ya tunzura su.

Su wane ne masu yaƙi da camfi a yau, kuma yaya suke aikinsu?

Ƙungiyoyi ne na sa-kai, yawancinsu malaman makaranta, likitoci da ɗalibai. Wadda Dabholkar ya kafa a 1989, da aka fi sani da ANiS, tana da rassa a faɗin Maharashtra. Akwai kuma tarayyar ƙungiyoyin da Basava Premanand ya haɗa a 1997. Uban tafiyar a wannan zamani shi ne Abraham Kovoor, ɗan Kerala da ya zauna a Sri Lanka, wanda a 1963 ya sa ladan rupi 100,000 ga duk wanda zai nuna abin al'ajabi a ƙarƙashin sa-ido. Har ya rasu a 1978 babu wanda ya ci.

Salon aikinsu yana burge ni. Ba lacca suke fara yi ba. Ɗayansu zai shigo ƙauye da rigar ruwan goro irin ta masu tsarki, ya murza yatsu toka ta zubo, ya zuba ruwa a kan kwakwa wuta ta tashi, ya ɗora kafur mai ci a harshensa, ya taka garwashi. Idan jama'a suka fara sunkuyawa suna neman tabarruki, sai ya tuɓe rigar ya nuna musu ƙwayar tokar da ya ɓoye tsakanin yatsu da sinadarin da ya ɗiga, sannan ya kira yaro daga cikin taron ya maimaita. Wanda ya ga ɗansa ya yi abin da mai da'awar tsarki, wanda suke ce wa baba, ke karɓar kuɗi a kai, ba ya buƙatar dogon bayani.

Ranar 21 ga Satumba 1995 aka wayi gari da labarin gumakan Ganesha, abin bautar Hindu mai kan giwa, suna shan madara. Kafin dare labarin ya kai wuraren bautar Hindu har a Ingila, madara ta yi tsada a Delhi. Masana suka zuba launi a cikin madarar, aka ga yadda take bin jikin dutsen tana gangarowa, kamar yadda lagwani ke jan kananzir.

An taɓa gwada masu duban taurari kuwa?

An gwada. A 2008 masanin kimiyyar sararin samaniya Jayant Narlikar, tare da Dabholkar da masana ƙididdiga na Jami'ar Pune, sun tattara takardun haihuwa 200: ɗari na yara masu hazaƙa a makaranta, ɗari na yara masu naƙasar ƙwaƙwalwa. Aka cakuɗa, aka ba kowane mai duba guda 40 ya rarrabe. Mutum 27 suka dawo da amsa, kuma a matsakaici ba su kai rabi ba, wato wanda ya yi canki-canka zai iya yin daidai da su. Duk da haka tun 2001 hukumar kula da jami'o'i ta amince a koyar da duban taurari har matakin digiri, kuma a 2004 Kotun Ƙoli ta ƙi hana hakan.

Wanda ya rataya lemun tsami a motarsa wa ya cuta? Me ya sa ba za a ƙyale mutane ba?

Bai cuci kowa ba, kuma babu mai neman a kama shi. Ga inda cutar take.

Alƙaluman hukumar tattara bayanan laifuka ta ƙasa sun nuna an kashe fiye da mutum 2,500 bisa zargin maita tsakanin 2000 da 2016, mafi yawansu mata, musamman a Jharkhand, Odisha, Bihar da Chhattisgarh. Yadda abin ke faruwa kusan iri ɗaya ne. Yaro ya yi zazzaɓi ya mutu, ko shanu suka fara faɗuwa, asibiti kuma yana da nisa. A kira boka, wanda suke ce wa ojha, ya nuna wata mata. Sau da yawa gwauruwa ce mai 'yar gona da dangin miji ke kwaɗayi, ko wadda ta ƙi amsa wa wani mai ƙarfi. A yi mata tsirara, a aske ta, a ɗura mata ƙazanta, a kore ta ko a kashe ta. Birubala Rabha ta jihar Assam, matar ƙauye da boka ya taɓa ce wa ɗanta zai mutu cikin kwanaki amma ya rayu, ta shafe shekaru tana shiga tsakanin irin waɗannan mata da masu son kashe su. Ita da Chutni Mahato ta Jharkhand, wadda ita kanta aka taɓa yi wa tambarin maita aka kore ta, sun sami lambar girma ta Padma Shri a 2021.

Sai saran maciji, wanda wani babban bincike ya ƙiyasta yana kashe kimanin mutum 58,000 a Indiya duk shekara. Da yawan macizai ba su da dafi, don haka mai tofi yakan ga mutanensa sun warke, sunansa ya ƙara tashi. Wanda kububuwa ko gamsheƙa ta sara kuwa, sa'o'in da aka ɓata ana tofi su ne na ceton ransa.

Ranar 6 ga Agusta 2001 gobara ta tashi a wata rumfar masu taɓin hankali kusa da hubbaren Erwadi a Tamil Nadu. Mutum 28 suka mutu domin an ɗaure su da sarƙa, ba su iya gudu ba. A 2022 kuma aka gano an yanka mata biyu don tsafin neman dukiya a Elanthoor, cikin Kerala, ɗaya daga cikin jihohin da suka fi yawan masu karatu da rubutu.

In haka ne, ashe ilimin boko ba ya maganin abin?

Yana taimakawa, amma bai isa ba. Ana iya haddace kimiyya don cin jarrabawa ba tare da an koyi tambayar "ta yaya aka sani?" ba. Kuma abin da ke kai mutum wurin baba ba jahilci kaɗai ba ne. Akwai tsoro, akwai rashin haihuwa, bashi, ciwon da ya ƙi jin magani, da kaɗaicin birni. Ga wanda aka raina saboda asalinsa, zauren baba na iya zama wuri na farko da aka ba shi kujera aka kira shi ɗan'uwa. Wasu daga cikin waɗannan shugabanni sun gina asibitoci da makarantu na kyauta. Sathya Sai Baba ya yi hakan, ko da yake a 1976 ya ƙi amsa gayyatar shugaban Jami'ar Bangalore, H. Narasimhaiah, na a binciki abubuwan al'ajabinsa.

Haɗarin yana zuwa idan mutum ɗaya ya tara mabiya miliyoyi, 'yan siyasa kuma suna zuwa neman ƙuri'unsu. A Agusta 2017 kotu ta sami Gurmeet Ram Rahim Singh da laifin yi wa mabiyansa mata biyu fyaɗe, aka ɗaure shi shekara 20, tarzomar da mabiyansa suka tayar ta ci rayuka fiye da 30. Tun daga nan an sha ba shi izinin fita daga kurkuku, wasu lokutan dab da zaɓe. Asaram ya sami ɗaurin rai-da-rai a 2018 kan fyaɗen yarinya. A Hathras, ranar 2 ga Yuli 2024, mutum 121 suka mutu a turmutsitsi, kusan dukkansu mata, lokacin da jama'a suka ruga ɗibar ƙurar inda wani mai wa'azi ya bi.

Me doka ta ce?

Sashe na 25 na tsarin mulki ya ba kowa 'yancin addini, amma da sharaɗin kada ya saɓa wa zaman lafiya, tarbiyya da lafiyar jama'a. A 1976 aka ƙara sashe na 51A, wanda ya sa raya ɗabi'ar kimiyya da son bincike cikin wajiban ɗan ƙasa. Tun 1954 akwai dokar hana tallan magungunan siddabaru, kuma a 2024 Kotun Ƙoli ta tilasta wa Baba Ramdev da kamfanin Patanjali buga neman afuwa a jaridu kan tallace-tallacen da ke yaudarar marasa lafiya.

Babu dokar tarayya guda ɗaya a kan camfi, jihohi ne ke yin nasu. Bihar ta fara da dokar hana farautar mayu a 1999, Jharkhand ta biyo a 2001, Chhattisgarh a 2005. Dokar Maharashtra ta 2013 ta lissafa ayyuka 12, ciki har da dukan mutum da sunan fitar da aljani, hana wanda maciji ko kare ya ciza zuwa asibiti, da'awar yin tiyata da yatsu, da lalata da mace da alkawarin haihuwa. Hukuncin daga wata shida ne zuwa shekara bakwai. Karnataka ta yi tata a 2017, ta haramta birgima a kan ganyen da wasu suka ci abinci suka bari, amma ta ƙyale duban taurari da vastu. Gujarat ta bi sahu a 2024.

A ɗaya gefen akwai dokar 1927 mai hukunta wanda ya ɓata wa mabiya addini rai da gangan, wadda aka maido da ita cikin sabon kundin laifuka. An yi ta ne don kashe wutar rikici, amma ita ce sandar da ake ɗauka a kan mai bincike.

Da gaske ne ana kashe mutane a kan wannan?

Da gaske ne. Dabholkar ya shafe fiye da shekara goma yana bin majalisar Maharashtra a kan dokar da aka ambata, ana ta rage mata kaifi, yana ta nanata cewa babu kalma ɗaya a cikinta da ta taɓa Ubangiji ko addini. Da safiyar 20 ga Agusta 2013 wasu mutum biyu a kan babur suka harbe shi a Pune yana tattakin motsa jiki, yana da shekara 67. Cikin 'yan kwanaki gwamnati ta zartar da dokar da ta ƙi zartarwa yana raye.

A Fabrairu 2015 aka harbe wani mai sukar camfi, Govind Pansare, a Kolhapur, a Agusta na shekarar aka harbe Farfesa M. M. Kalburgi a ƙofar gidansa a Dharwad, sai 'yar jarida Gauri Lankesh a Bengaluru ranar 5 ga Satumba 2017. Binciken harsasai ya nuna bindiga ɗaya ce ta kashe Kalburgi da Lankesh. Masu bincike sun danganta wasu da ake zargi da ƙungiyar Sanatan Sanstha, ita kuma ta musanta. Sai a Mayu 2024 kotu ta yanke wa mutum biyu ɗaurin rai-da-rai kan kisan Dabholkar, ta sallami uku, ta kuma soki masu bincike kan gaza gano waɗanda suka kitsa abin.

Ina shugabanni suka tsaya?

Nan ne abin ya fi ba ni tsoro, domin camfin ƙauye ya fi sauƙin magani a kan wanda ya fito daga bakin mai mulki. A 2014 Firaminista Narendra Modi ya ce kan giwa da ke jikin Ganesha alama ce ta cewa magabata sun san tiyatar dashe. A babban taron masana kimiyya na ƙasa a 2015 an gabatar da takarda mai cewa Indiyawan dā suna da jiragen sama. A 2018 wani ƙaramin ministan ilimi ya nemi a cire ka'idar Darwin daga manhaja. Ƙasar da ta ba duniya sifili da masana lissafi irin su Aryabhata da Ramanujan tana da abin alfahari na gaske, kuma masana kimiyyarta da dama sun fito sun ce irin waɗannan maganganu suna zubar da darajar wancan gadon.

Akwai inda malaman addini da likitoci suka haɗa kai abin ya yi kyau?

Akwai, kuma a ganina nan ne aka fi samun nasara. Bayan gobarar Erwadi, a 2008 aka fara wani shiri a hubbaren Mira Datar da ke Unava a Gujarat, mai suna Dava-Dua, wato magani da addu'a. Ba a kori masu hidimar hubbaren ba. An koya musu alamomin ciwon ƙwaƙwalwa, aka buɗe ɗakin likita a cikin harabar. Mai hidima zai yi wa mara lafiya addu'a, sannan ya kama hannunsa ya kai shi wurin likita, ya ce masa ya sha maganin. Iyalan da ba za su taɓa taka asibitin masu taɓin hankali ba sun karɓi magani ta wannan hanya. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2017 kuma ta haramta ɗaure mara lafiya da sarƙa.

Misali na biyu ya shafe mu kai tsaye. A farkon shekarun 2000 jita-jita ta bazu a unguwannin Musulmi na Uttar Pradesh cewa rigakafin shan inna makirci ne na hana haihuwa, irin maganar da ta sa Kano ta dakatar da rigakafin daga 2003 zuwa 2004. A lokacin Indiya da Najeriya suna cikin ƙasashe huɗu da cutar ta ƙi barin su, tare da Pakistan da Afganistan. Tsoron mutanen Uttar Pradesh yana da tushe, domin ba su manta da yi wa maza aikin hana haihuwa na dole da gwamnati ta yi a tsakiyar shekarun 1970 ba. Aka shigo da Jami'ar Musulmi ta Aligarh da Jamia Millia da manyan malamai, limamai suka riƙa sanarwa a masallatai ranar Juma'a, aka ɗauki matan unguwa aikin shiga gida-gida. A 2009 Indiya tana da masu cutar 741, kusan rabin na duniya baki ɗaya. An ga na ƙarshe a Howrah cikin Janairu 2011, kuma a Maris 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cutar ta bar ƙasar. Afirka ta sami irin wannan shaida a Agusta 2020, bayan sarakuna da malamai a arewacin Najeriya sun shiga aikin.